Ɗorawar Inna a Gonata

Lokacin da gyaɗa ke tashe, ana kashe fam da sule, ina ɗinki a bakin kasuwar Dutsin-Ma, sai na ɗan samu rara. Abokaina duk shanu suke saye su ba Fulani kiwo. Ni kuwa na ce ƙasa zan saya, in riƙe ta yi daraja, in sayar in sayi wadda ta fi ta. Ko akurki ban taɓa saye ba, amma a raina har na zama mai gonaki.

Wani dillali ya kai ni wajen Rawayau, gonar wani dattijo da 'ya'yansa suka tafi ci-rani suka zarce. Jigawa ce mai kyau, ga ƙatuwar ɗorawa a tsakiya. Tun a hanya dillalin ya ja mini kunne: kada in yaba gonar, kada in yi zancen kuɗi ranar farko. Muka gaisa, muka ci goro, muka yi hirar damina, muka dawo hannu rabbana, ni kuwa na cika na batse. Da muka koma na taya, dattijo ya ce albarka. Haka na yi ta sintiri a kan keke, ina ƙarawa yana girgiza kai, har ranar da ya sallama.

Aka kira mai unguwa da maƙwabta, aka zaga iyaka ana bin gamba. Ana shirin shafa fatiha sai dattijo ya ce, "To yaro, ƙasa na sai maka. Iccen ga ba nawa ba ne, na ƙanwata ne, shi ta samu cikin gadon ubanmu."

Na dubi dillali, ya kau da kai. Kowa a wurin ya san ana sayar da gona ban da itacen da ke cikinta, ni kaɗai ne ban tambaya ba. Na ji haushi ƙwarai, domin duk wanda na yi wa tayin gonar daga baya, da ya ji ɗorawar ta wata ce sai ya ja da baya.

Da bazara sai ga mai ita daga Kurfi, 'yar tsohuwa siririya, da gora mai ƙugiya a kafaɗa da kwando a ka. Na durƙusa na gaishe ta, ban ɓata lokaci ba na taya itacen.

Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, kai mi za ka yi da ɗorawa? Ka iya daddawa? Albarka. Zo riƙa mani goran ga, hannuna ya gaji."

Na riƙe mata. Na zo ciniki, na ɓuge da kakkaɓar ɗorawa har la'asar, wuyana ya sage, tana zaune a inuwa tana mini tsiya wai tela ba ƙashi gare shi ba. Bayan kwanaki ta aiko mini da daddawa a ganye, da garin ɗorawa. Tun rasuwar mahaifiyata babu wanda ya aiko mini da abu haka kawai, sai da na ji ƙwalla.

Haka muka yi shekaru. Kowace bazara in rufe keken ɗinki in tafi, in taya, ta ce albarka, mu hau aiki. Na daina neman mai sayen gonar ban ma lura ba. Tayin ya zama gaisuwa, da ta ce albarka sai hankalina ya kwanta.

Wata shekara ta zo babu gora, babu kwando, tana dogara sanda. Na taya yadda na saba, ina murmushi.

Ta ce, "Na sallama."

Na ce, "Haba Inna, wasa nake."

"Ni ba wasa nikai ba. Idona ya tahi, ɗiyata za ta ɗauke ni in koma wurinta, can nesa. Kira mai unguwa, kada a yi maka rigima bayana."

Na roƙe ta ta bar shi da sunanta, ni zan riƙa kakkaɓa ina aika mata. Ta ƙi. Aka yi fatiha a gindin itacen, maƙwabta suna mini barka gona ta zama tawa gaba ɗaya, ni kuwa ita nake kallo. Ban sake ganinta ba, kuma har yau ina kewarta.

Da bazara ta zagayo, ɗorawa ta yi 'ya'ya har rassa suna rinjaya. Ina tsaye a gindinta ina duban hanyar Kurfi, sai wasu mata suka zo suka gaishe ni, suka ce ko za a bar su su kakkaɓa a raba. Na ce su bari mai ita ta zo tukuna. Suka dubi juna, sannan babbarsu ta ce a hankali, "Malam, ai kai ne mai ita."