Buhunan da suka zo a naɗe

Waɗanda suka zauna ranar nan ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gidanmu su ne: ƙanin marigayi maigidana, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ɗan farina da ke tuƙin mota a Yamai, ɗiyata da ke aure a Sakkwato, autana da ya dawo daga Kwatano, matarsa can gefe da goyo, sai ni. Kaka ce, an gama ɗaure dammuna, rumbu ya cika.

Auta ne ya tara mu. So yake a yanke masa rabonsa na gonar ubansu ya sayar, ya kwashi iyalinsa su koma Kwatano gaba ɗaya. Wani ɗan kasuwa daga Filingue har ya zo ya taka gonar, na hango shi yana shurin ƙasa da takalmi. Rabon auta kuwa shi ne kwarin da ruwa ke kwanciya, inda ko damina ta yanke hatsi ke fid da kai. In kwarin ya tafi, abin da ya rage mana tudu ne da rairayi.

Na jawo faifai ina gyaran yakuwa, ina saurare.

Auta ya dubi ƙanin ubansa ya ce, "Baba, can aikin wata guda a bakin teku ya fi noman shekara. Kifi kamar a ba ka kyauta. Ga wuta, ga likita kusa."

Wansa ya ce, "Kifi! Ka ci kifi ka kwana a ɗakin da in ka juya sai ka taka mutum? Taho Yamai, ƙasarka ce, ba mai tare ka ya ce ina takarda."

"Yamai da haya ke cinye ka tun wata bai tsaya ba?"

Ɗiyata ta gyara mayafi ta ce, "Ku duka wahala kuke sha. Ku zo Sakkwato ku ga arahar kaya."

Auta ya ce, "Araha da kuɗin da ke narkewa a aljihu kamar man shanu a rana? Yi shiru, Hajiyar naira."

Haka suka yi ta yi, kowa na yabon garin da ba nan aka binne cibiyarsa ba. Ni Yamai ce iyakar tafiyata, sau ɗaya, ciwon ido ya kai ni. Na ga ana sayar da itace, ana sayar da ruwa, har dussa sai da kuɗi. Amma ba zan ja da wanda ya ga teku ba. Shi kuma babban namu yana tauna goro, duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi yake gyaɗa wa kai. Da na ji ya ce, "To, haƙƙin yaro ne," sai na ajiye faifan.

Abin da nake da shi ido ne. A nan Kurfey, wanda ya zo gida da kaka ba ya komawa hannu sake, amma ba a faɗi a fili. A gidanmu kowa zai ja matar auta gefe ya miƙa mata buhu, ta cika, a ɗora a mota ba tare da ɗan'uwa ya sani ba, don kada a ce gari bai karɓe shi ba. Ni ke sharar ɗakuna. Na san inda kowane buhu yake naɗe.

Ba na kiran ɗan fari, ba na fuskantarsa da magana, don haka ƙanin mijina na duba. Na ce, "Malam, tunda za a sayar, ce musu kowa ya kawo buhunsa yanzu a auna masa a gaban kowa. Baɗi kwarin na wani ne."



Ɗiyata ta ce, "Wane buhu, Inna?"

"Wanda ke ƙarƙashin akwatinki, mai ɗinkin jan zare."

Ta tashi da kunya ta ɗauko. Wanta ya bi bayanta, ya fito da biyu. Sai matar auta ta shiga ɗakinsu ta fito da wasu ta ajiye a kan tabarma. Mijinta ya ce na abokan ɗakinsa na Kwatano ne, su suka roƙe shi. Malam ya yi dariya har goro ya shaƙe shi. Ya ce, "Yamai, Sakkwato, Kwatano, ashe duk daga rumbu guda kuke tuƙa tuwo!"

Auta bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya ce, "Yaya, don Allah, in ba don hatsin nan ba, abin da kake samu na kai ka ƙarshen wata?"

Wansa ya sunkuyar da kai. "Ba ya kai wa."

Ɗiyata ma ta ce nata takan ja shi har azumi, tana gauraya shi da masara. Auta ya waiwayi matarsa. Ta ce, "Ni dai ban san yadda ake sayen ruwan wanka ba."

Ya shafa kai ya ce, "Baba, a bar gonar. In tafi rani ni kaɗai, in ruwan fari ya sauka in dawo."

Ban nuna komai ba. Na ce su tashi su ba ni wuri, sun cika mini kunne. Sai da na shiga ciki na ga tun ɗazu yakuwar da na gyara cikin dattin nake zuba ta. Na zauna bakin murhu, na yi ta hamdala.

Washegari da sassafe na sa aka sauko da dammuna, na kira matan maƙwabta muka yi sussuka a tsakar gida. Ni na riƙe tiyar awo, na cika kowane buhu har na abokan ɗakin, na ɗinke bakinsu, na jera su a ƙofar gida inda duk mai wucewa zai gani.