Yatsun Godogodo a Takardar Wilfred

"To, wa ya ce ka bar musu ita?" in ji Malama Clara. "Cewa na yi ka karanta wa Baba, ka dawo da ita. Da wane yare kake so in faɗa maka?"

"Yaya, ban bar musu ba," in ji Wilfred, ƙanenta, yana tsaye a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa. "Fita na yi in gaida Mama Afiniki a bayan gida. Ina dawowa na tarar an riga an yi layi."

Clara ta ture littattafan 'yan aji shida gefe, ta shimfiɗa takardar a tebur. Yarjejeniya ce daga kamfanin jirgin sama. A shafin ƙarshe akwai layi biyu da aka bari don mutum biyun da za su tsaya wa Wilfred. Yanzu ba a ganin layukan. Dangwalen babban yatsa ne da shuɗiyar tawada ko'ina, fiye da goma, wani kan wani, har ɗaya ya hau kan hatimin kamfanin. Ran Juma'a ake rufe karɓa a Kaduna, ga shi yau Laraba.

Clara Zamani ta san abin da ake kira bon, wato yarjejeniyar ɗaure mutum da aiki bayan horo, tun kafin Wilfred ya san bambancin jirgin sama da shirwa. Ita ce ta fari a gidansu a Godogodo, ita ce kuma ta fara zuwa kwalejin horon malamai. Da ta gama aka ɗaure ta da aikin koyarwa na wasu shekaru, aka yi ta jefa ta ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Ta cika wa'adinta ba ta tsallake ko zango ɗaya ba, sannan aka kawo ta Kafanchan. A ɗakinta na haya Wilfred ya yi sakandare, yana kwana a tabarma, yana cinye mata garin rogo. Saboda haka a shekarar 1976, da ya ci jarrabawar shiga horon matuƙan jirgin sama, ita ce ta zauna ta bi takardar layi-layi. Kamfani zai koyar da shi. Shi kuma zai yi musu aiki shekara bakwai, duk inda suka tura shi, ko Yola ko Sakkwato ko Maiduguri. In ya gudu, masu tsaya masa ne za su biya. Kuma sai ma'aikata masu albashi ake so, su biyu.

Ita ce ɗaya. Na biyun da take fata shi ne Kawu Andrawus, wan mahaifiyarsu, makaniki a Loko, wurin gyaran injinan reluwe. Sai dai Kawu fushi yake yi. Shi ya yi ta zirga-zirga har ya samo wa Wilfred gurbin akawu a tashar Kafanchan, da gidan ma'aikata da fansho, yaron ya ce shi sama yake so.

"Faɗa mini yadda aka yi," in ji Clara. "Kar ka rage kome."

Wilfred ya ce bayan sujada a coci ran Lahadi ya karanta wa Baba Zamani takardar a gindin mangwaro. Baba ya saurara har aka kai wurin mutum biyu, sai ya ɗaga hannu. Ya ce yaron nan mutum biyu ne suka haife shi, amma ba mutum biyu ne suka raine shi ba. Ran da aka nemo wa ɗan wan Baba mata, duk dangi ne suka je. Ran da aka yanka iyakar gona da mutanen tsallake, kowane dattijo ya taka wurin da ƙafarsa. Yau za a ba da yaro shekara bakwai ga mutanen da ba a san gidansu ba, a ce mutum biyu kawai ne a bayansa? Kamfani zai ɗauka maraya ne, ya wulaƙanta shi. Sai Baba ya aika aka aro tawadar malamin haraji. Baba Tagwai, ɗaya daga cikin dattawan dangi, ya dangwala sau biyu, ɗaya nasa, ɗaya na ɗan'uwansa da ke kwance ba lafiya.

Clara ta dafe kai. "Kai kuma da za a ba jirgi da mutane a ciki, ka kasa tsare takarda ɗaya daga hannun tsofaffi."

"Yaya, in fizge daga hannun Baba?"

Clara ta san ita ma da ba ta fizge ba.

Da yamma ta wuce Loko. Ta tarar da Kawu Andrawus yana goge hannu da tsumma. Ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya duba, ya yi dariya har da tari.

"Ai shi ke nan, 'yata. Allah ya yi aikinsa. Ran Litinin ya zo ya kama kujera a tasha. Jirgin ƙasa in ya lalace sai ya tsaya a daji, mu je mu gyara. Nasu in ya lalace, ina zai tsaya?"

"Kawu, ban zo muhawara ba. Ka raka mu Kaduna gobe. Ba na so in shiga ofishin mutane da wannan abu ni kaɗai."

"Rakiya kawai," in ji shi. "Hannuna ba zai taɓa biro ba."

Jirgin ƙasa na Alhamis ya makara kamar yadda ya saba. Tun daga Kafanchan Kawu yake nuna wa Wilfred gada da sigina da gidajen ma'aikata masu jan rufi, yana cewa, "Ka ga wannan? Da naka ne." Clara ta rungume jakarta, tana jin ƙanshin citta daga buhunan da aka jibge a bakin ƙofar tarago, tana ta tsara abin da za ta ce.

Safiyar Juma'a suka shiga ofishin. Akawun, wani saurayi mai faffaɗan taye, ya buɗe shafin ƙarshe ya ja kujerarsa baya.

"Mene ne wannan? Madam, ke malama ce kika ce? Kun ba yara sun yi wasa da ita?"

Clara ta fara bayani cikin ladabi, ya katse ta. Ya ɗaga takardar ya nuna wa mai buga tafireta. "Zo ki ga ƙazanta. Mutanen ƙauye ke nan. Su ne za su tuƙa jirgi."

Kawu Andrawus, wanda ya zauna can baya da hularsa a gwiwa don kowa ya san ba ruwansa, ya miƙe.

"Ɗana, ajiye ta a tebur." Ya matso ya sa yatsa a kan dangwale ɗaya. "Wannan mai tsaga a tsakiya, surukina ne, uban yaron. Lauje ya yanke shi yana yankan acca da aka sayar aka sai wa yaron nan takalmin makaranta. Wannan da ya zo sau biyu, Tagwai ne. Ba ƙazanta ba ce, mutane ne. Ka ce ba ta yi ba, mun ji. Akwai wata?"

Akawun ya ce sai an sake bugawa, kuma dole masu tsayawa su sa hannu a gabansa kafin a tashi. Ya dubi Clara. "Ke ɗaya na gani. Ina na biyun?"

Clara ba ta waiwaya ba. Ta zuba wa kalandar bango ido, tana jin tafireta na ƙwanƙwasawa. Wilfred kuwa ya saci kallon Kawu.

"Ba ni biron," in ji Kawu. Ya rubuta sunansa a hankali, harafi-harafi, ya juya ga Wilfred. "In ka gudu, ba kamfani ne zai neme ka ba. Ni ne. Kuma ina da fas na shiga jirgin ƙasa kyauta har Maiduguri."

Clara ta sa nata hannun, ta ɗauke tsohuwar takardar kafin akawun ya jefa ta kwando.

Ran Litinin da safe Wilfred ya biyo ta har ƙofar makaranta, zai hau mota zuwa Godogodo ya yi sallama da gida.

"Me zan ce wa Baba? Zai tambaya ko sun karɓa."

Ta ciro takardar mai yatsu daga jaka ta danƙa masa. "Ka faɗa masa gaskiya. Kamfani ya ɗauki biyunsa, wannan kuma ta dangi ce, ya ajiye. Ka ce Kawu ya karanta musu sunayen yatsun a ofis. In ya yi faɗa, ka tsaya ka sha, rabonka ne."

"Yaya, na gode."

"Ka gode da cin jarrabawar horon. Kuma duk takardar da suka ba ka a can, kar ta sake kwana a Godogodo."

Aka buga ƙararrawa. Ta gyara ɗankwalinta, ta ɗauki littattafan da ba ta gama dubawa ba tun ran Laraba, ta nufi aji shida, inda tun daga nesa take jin an fara kokawa a kan benci.