Gidan da Ba Shi da Katanga

Wautata ce, ba zan ɗora wa kowa ba: na ɗauko matata mara lafiya tun daga unguwarmu Catford a Landan zuwa bayan gari, rabin niyyata in faranta mata, rabi kuwa in tsokane ta. Haka nake tun ina yaro. Aji uku na yi a firamare aka kore ni, saboda na saka wa malami ƙadangare a aljihu, kuma furfura ba ta rage komai ba.

Shekara tara na yi ina yankan ciyawa a wani tsohon gidan masu sarautar Turawa, can gefen Landan inda bas yake juyowa. Masu gidan sun daɗe da ƙarewa, yanzu kowa yana shiga kallo. Fari ne, hawa uku, da ginshiƙai shida a gaba waɗanda mutum biyu ba za su rungume ɗaya ba. Wasu tagoginsa na ƙarya ne, fenti aka shafa a bango don hagu ta yi daidai da dama. Na yi wata biyu ina gyara hula in zan wuce ta gabansu, wai kada na ciki su ce ba ni da ladabi.

Hajiya ta fi shekara ashirin tana roƙona in kai ta gida. A ƙauye ta tashi, shanun kakanta suna kwana a bayan ɗakinsu. Ban taɓa ce mata a'a ba. "Bayan Sallah," nake cewa. In ƙarama ta wuce, in ce ai babba nake nufi. Muna haka har ƙodarta ta gaza, aka fara yi mata wankin jini sau uku a mako, likita ya ce a ajiye maganar jirgi. Ba ta yi mini faɗa ba. Wata rana dai muna zaune a ɗan gidanmu na saman bene ta ce ita yanzu ba ta neman komai, sai ta ɗora hannu a jikin saniya ta ji ɗuminta.

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Akwai shanu a tsohon wurin aikina."

Ranar da ba ta da asibiti na ɗora ta a kekenta na marasa lafiya muka tafi. Da muka tsaya a gaban gidan, ta daɗe tana dubansa.

"Malam, ina zauren?"

"Babu."

"Katanga fa?"

"Ita ma babu."

"To matan gidan a ina suke shan iska? Sun sa ɗaki a tsakiya, sun zubar da tsakar gida a waje. Gida zaune tsirara haka!"

Na zagaya da ita ta baya, inda ciyawa take gangarawa kamar an shimfiɗa darduma. Na nuna mata tafkin da aka haƙa da hannu aka lanƙwasa shi don ya yi kama da kogi, da itatuwan da aka dasa uku nan biyar can, don baƙo ya zaci da kansu suka fito. Can gaba ga shanu jajaye suna kiwo, ba shinge tsakaninmu da su. Su ma ado ne, an ajiye su ne don mai gida ya hango ta taga.

"Me ya hana su hawowa su cinye ciyawar?" in ji ta.

"Shanun nan sun yi boko, Hajiya. Sun fi ni aji."

Ta yi dariya har da tari, rabon da in ji wannan dariyar an yi watanni. "Tsohon maƙaryaci. Tura ni."

Ni kuwa na san abin da ke hana su. Turawan da ba sa son katanga ta tare musu kallo, sai su binne ta. Rami suke haƙawa mai zurfi, dogo, ya kewaye filin, su gina bangon bulo a cikinsa, kansa daidai da ciyawa. Daga gidan ba ka ganin komai sai ka zo bakinsa. Sunansa ha-ha, wai don abin da mutum ke faɗa ke nan in ya tarar da shi kwatsam. Ni ma na taɓa rufzawa ciki da injin yankan ciyawa. Wannan sunan nake ta ajiye mata tun daga cikin bas.

Na yi ta turawa, tayoyi suna nutsewa, ita tana miƙa wuya gaba. Sai ga ramin a ƙarƙashin ƙafarta. Na ja birki na ce, "Ha-ha! Wallahi sunansa ke nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta leƙa ƙasa, ta dubi shanun.

Na ce kada ta damu, akwai ƙofa can ƙarshe. Na bar ta na tafi da sauri. Ƙofar tana nan, ƙaramar nan ta ƙarfe da sai mutum ya karkace yake wucewa. Sau dubu na bi ta cikinta da ƙafafuna, ban taɓa tunanin keke ba. Na gwada faɗinta da hannu har sau biyu, kamar za ta ji kunyata ta buɗe.

Da na dawo na tarar tana kiransu da wani sautin harshe da ban taɓa jin ta yi ba a duk zamanmu. Wata saniya ta ɗago kai, ta tako har bakin ramin ta wancan gefe, ta tsaya tana huci. Hajiya ta miƙa hannu. Tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Sun daɗe a haka, har hannun ya gaji ta mayar da shi kan cinya.

Ba ta kai lokacin zubar ganye na shekarar ba, a nan Landan muka binne ta. Amma ranar nan a bakin ramin, sa'ad da na kama keken zan juya, ta yi magana ba tare da ta waiwayo ni ba.

"Malam, da katanga suka gina, ai da tun daga can na haƙura."