Akwatin Tsuntsayen Maƙwabciyata

Lokacin kullen korona muna haya a unguwar Setapak a ƙasar Malesiya, ni da maigidana da ke karatun digiri na uku, da 'yarmu mai shekara huɗu. Shingen waya ne kawai tsakanin bayan gidanmu da na wata tsohuwa 'yar Malesiya. Ta rataye akwatin katako a bishiyar mangwaronta, wasu tsuntsaye masu fari da baƙi suka yi sheƙa a ciki, muryarsu kamar sarewa.

Kullum 'yata tana jikin shingen nan da 'yar kujerarta, tsohuwar na ba ta labari, ita kuma tana ƙyalƙyala dariya. Ni da na haife ta sai na yi kira uku kafin ta waiwayo. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na tasa maigida gaba sai da ya ƙera mana namu akwatin. Da yake ya yi kiwon tantabara a Kano, ya yi masa ƙofa wangamemiya yadda ya saba. Ni kuma na riƙa watsa ragowar shinkafa kamar mai kaji. Ashe gayyata muka aika wa wasu baƙaƙen tsuntsaye masu rawayan baki, waɗanda aka ce su ma baƙi ne a ƙasar, sun zo sun fi 'yan gida zaƙewa. Suka cika akwatin da leda da tsumma, ga kashi, ga ihu tun asuba. 'Yata ta leƙa sau ɗaya, ta toshe hanci, ta koma shinge.

Ranar da haushi ya ci ni na sa muciya na kakkaɓo akwatin. Da suka rasa gida sai suka tsallaka mangwaron tsohuwa. Ƙofar akwatinta ta yi musu ƙanƙanta, amma suka tsare bakinta da tsangwama har masu waƙar suka gudu. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce yanzu kowa ya rasa.

Washegari yarinyar ta ja kujerarta ta nufi shinge. Na ce mata ai tsuntsayen sun tafi, me kuma za ta kalla? Ta ce ta sani.

"To me za ki je yi?"

Ta dubi hannuna, ta amsa da Turancinta, wai ita tsohuwar ba ta danna waya in ana yi mata magana.