Mussar da Inna Ta Bar Mini Amana

Watana uku a ɗakin miji a Illela uwar mijina ta tafi Konni ta bar mini kyanwarta. Mu can mussa muke cewa, ku yi haƙuri da ni, bakina bai saba da wani suna ba. A lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar ba, ana ta zancen wai sun raba mu da Konni, mu na Ingilishi, su na Faransi. Inna, uwar mijin nawa, ba ruwanta da wannan rabo. 'Yarta ce ta haihu a can, dole ta je wankan jego, kwana arba'in cif. Maigidana kuwa ya bi ayarin gishiri, gida ya rage daga ni sai mussa.

Fara ce, da ɗigon baƙi a kunnen hagu. Idon Inna ya riga ya yi rauni, ba ta fita ko'ina, don haka mussar ce abokiyar hirarta. Sai ka ji tsohuwa tana ba ta labarin mutanen da suka rasu tun kafin a haife ni, ita kuma tana kwance a cinyarta tana gurnani. Ranar tafiya, bayan an ɗora Inna kan jaki, ta juyo wajen da ta ji motsina ta ce, "Amarya, ga mussata nan. Amana ce."

Na sunkuyar da kai na ce to. Ya kamata in tambaye ta me take ci, ko ba haka ba? Wallahi tambayar ta zo har bakina, na haɗiye ta. A Garu, inda na tashi, an hore mu da kunyar uwar miji: ba a haɗa ido da ita, ba a jan zance, ba a cin abinci a gabanta. Jaki ya juya, ni kuma na koma ciki ban san komai ba.

Abu ɗaya na taɓa hangowa daga bakin madafa. Duk ranar da aka kawo nama, kafin ya shiga miya Inna kan yanki 'yar tsoka ta dafa a wata ƙaramar tukunya da ruwa zalla, ba gishiri, ba yaji, ba komai. Ni da ƙuruciyata na ce a raina tsohuwar nan rowa gare ta. Dabbar da kake so haka, ka ba ta abu salam? Na ƙudura cewa kafin ta dawo sai mussa ta yi ƙiba har ta kasa hawa danga, Inna ta shafa ta ta san ɗanta ya auro mace.

Haka na shiga yi mata girki kamar baƙuwar da ta zo daga Sakkwato. Tuwon gero da miyar da ta sha albasa, don ni a girki ba na jin tausayin albasa, in babu ɗanya sai in marmasa gabu, busasshen ganyenta ke nan. In zuba man shanu a kai. Da hantsi fura da nono. Har kilishin da maigida ya bar mini na riƙa gutsura mata, da yajinsa da tafarnuwarsa, ni ina haɗiyar miyau. Da farko ta kan shinshina ta kau da kai, sai in cakuɗa da romo har ta ci. Kai, ni dai na yi wauta da ƙwazo!

Wajen kwana goma sha biyu sai ta daina zuwa bakin rumbu farautar ɓera. Ta kwanta a gindin randa, gashinta ya yi buzu-buzu, ga zawo, ga amai. In ta miƙe ta yi taku uku sai ta zauna tana haki. Na ɗauka ba ta ƙoshi ne, na ƙara miya. Sai kuma na ga fitsarinta ya yi ja a kan yashi. Na zauna dirshan a tsakar gida ina kuka, ina tunanin da wane baki zan gaya wa tsohuwa mai raunin ido cewa abokiyar hirarta ta mutu a hannuna.

A haka wata dattijuwar Bafulatana ta same ni, wadda ke kawo mana nono daga wajen Araba. Gwaggo muke ce mata. Ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Lafiya, amarya? Wa ya rasu?"

Na nuna mata mussa. Ta durƙusa, ta ɗaga leɓen dabbar kamar yadda suke duba saniya. Dasashin fari fat. Ta jawo kaskon abincin ta shinshina, ta dube ni.

"Mi kinka ba ta?"

Na fara lissafi ina shessheƙa. Da na kai kan albasa sai ta tafa hannu. "Subahanallahi! Ke, ko saniya ta faɗa gonar albasa ta cika ciki, haka fitsarinta ka yi, jini ya tsinke. Balle wagga 'yar abu? Mussa ba mutum ba ce, ɗiyata. Abin da ka yi miki daɗi ita cuta ne gare ta."

Na ce, "To nonon fa, Gwaggo?"

Ta yi dariya ta ce, "Ni mai sai da nono, ni ce ke hana ki. Shi ya sa ta zawo. Ba ta nama ba gishiri, ba ta ruwa mai sanyi. Kaɗan kaɗan, kada ki ɗura mata. Sauran kuma sai Allah."

Ranar na nemo 'yar tukunyar nan ta Inna a bayan murhu. Da na ɗauke ta sai da na ji kunya ta lulluɓe ni, don ashe abin da na kira rowa sani ne. Na leƙa ta saman danga na roƙi maƙwabciyarmu, matar mahauci, ta sam mini 'yar tsoka. Ta ba ni tana zolaya, wai amarya ta haihu ba a gaya wa unguwa ba. Na dafa da ruwa zalla, na tsittsinka, na sa a tafin hannuna. Mussa ta shinshina ta kau da kai. Na tsoma yatsa a romon na shafa mata a baki. Ta lasa, lasa ɗaya tak, amma na yi hamdala kamar an yi mini bushara.

Kwana uku muna haka, romo da yatsa. A na huɗu ta ci tsoka biyu da kanta. Daga nan na kama tsari: safe da la'asar, ɗan abin da zai cika tafin hannu. Yau tsoka, gobe zuciya, jibi dafaffen ƙwan zabi. Hanta sai jifa-jifa, don Gwaggo ta ce yawanta ma ba kyau. In na samu kifi in zare ƙaya tsaf. In an samo farar ci kuwa, kafin in barbaɗa wa tawa yaji sai na ware mata tata. Ruwan kaskonta kullum sabo daga randa. Tuwo da miya na ci abina ni kaɗai, tana kallona ina kallonta. Duk zuwan Gwaggo sai ta ɗaga leɓen ta duba, har ran da ta ce ja ya fara dawowa.

Wata safiya na tarar da wutsiyar ɓera a bakin rumbu. Ban taɓa murnar ganin ƙazanta irin ta ranar ba. Sai dai jiki bai koma ba, in ka shafa ta kana jin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ga shi kwana arba'in sun cika.

Inna ta iso da azahar. Ko ruwa ba ta sha ba ta zauna kan tabarma ta ce, "Mus, mus." Mussa ta fito da gudu ta haye cinyarta. Hannun tsohuwa ya bi bayanta, ya gangara gefe, ya tsaya. Ta sake bi a hankali. Ni ina durƙushe nesa da ita, kaina a ƙasa. Da na so sai in ce zafi ne ya ramar da ita, ba mai ƙaryata ni. Amma amana aka ba ni.

Na ce, "Inna, ni na cuce ta." Na kwashe komai na faɗa, tun daga miyar albasa har kilishin ɗanta. Tun da na zo gidan ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba.

Ta ci gaba da shafa mussar. Can ta ce, "Kilishin da anka bar miki kinka ba ta?"

"I, Inna."

"Ke mi kinka ci?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Sai na ga idanunta sun kawo ruwa. Ta ce, "Don mi ba ki tambaye ni ba?"

Na ce, "Kunya nike ji."

"Kunya ta kusa kashe mini mussa," in ji ta. "Ni ma da laifina, na san ba ki iya tambaya, kuma ban faɗi ba." Ta matsa gefe ta buga tabarma da tafin hannu. "Zo nan, ɗiyata. Wata uku ina jin motsinki cikin gida, ban san kamar fuskarki ba."

Na rarrafa na je. Ta ɗaga hannu daga kan mussar ta shafa goshina, ta shafa kumatuna, sai ta ce, "Af! Ke ma kin rame. Tashi ki kawo tuwon mu ci tare, ki cika albasa yadda kike so."