Ranar da Malam Iro Ya Hau Tingilin

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Malam Iro mai gyaran rediyo ya san ba a yabon kowa a gabansa. Ka ce wane ya iya ɗinki, sai ya ajiye sukudireba, ya leƙo ka ta saman tabarau: "To, mu kuma fa?" Shi da ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba.

Daga Zariya ya zo Garwa ta ƙasar Kamaru yana saurayi, a zauren mahaifina ya sauka, muka yi shekara ashirin da wani abu muna tare. A ganinsa ni kayansa ne. Rigima ta soma ne da na fara zama da Mushe Hamadu, wani Bafulatani tsohon malamin makaranta da ya dawo unguwarmu. Mushe ɗin nan "Malam" ne da Faransanci, haka ake kiran malaman boko a wajenmu. Rannan bakina ya suɓuce na ce Mushe ya iya shayi. Washegari Iro ya sayo buta da gawayi, ya dafa mini wani baƙin abu kamar maganin shawara, ya tsaya a kaina.

"Yaya?"

"Ya yi ƙarfi, Iro."

"Ƙarfin ake nema. Na wancan ai ruwan wanke kofi ne."

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa sana'a ta kwanta, 'yan'uwansa suka matsa ya koma gida. Saura kwana uku ya tafi, muna hira, Mushe ya ce da ƙuruciyarsa ya taɓa kai ɗalibai kan dutsen Tingilin, wanda ake hangowa a hanyar Pitowa, kuma daga can ana ganin Garwa gaba ɗaya. Na ce, "Lallai Mushe ka yi ƙoƙari." Iro ya miƙe tsaye.

"Gobe za mu hau."

Na ce, "Kai da matakalar bene ke sa ka haki?"

"Sallama zan yi da gari. Daga sama ake yi wa gari sallama."

Da safe ya fito cikin babbar riga da takalmi sau-ciki, ya rataya rediyonsa a kafaɗa. Hanyar duk duwatsu ce da ƙaya, ga rana. Kafin mu yi rabi ruwan gorata ya ƙare, leɓen Iro ya bushe, yana numfashi kamar zugazugi. Mushe ya miƙa masa tasa gorar, ya kawar da kai ya ce ba ya jin ƙishi. Sai da na laɓe bayan wani dutse na juye ruwan Mushe a tawa, na kawo masa. Ya shanye tas, ya goge gemu.

"Ka ji ruwa. Na wasu ko daga nesa wari yake."

Da rarrafe muka ƙarasa. Mushe ya nuna inda ya tsaya a wancan zamani. Iro ya duba ya ga wani ɗan dutse a gaba, ya tattare riga ya haye, ya kira ni.

"Bala, ka zama shaida. Na fi shi da kamu biyu."

Daga nan ya juya yana kallon gari. Ga kogin Binuwai yana sheƙi, ga gada, ga rufin kasuwa. Ya daɗe yana kallon wajen maƙabarta, inda matarsa Hajara take kwance. Ya ce, "Ita ba za ta bi ni ba."

Wajen saukowa daga ɗan dutsen nan gwiwarsa ta gurɗe. Na gwada ɗaga shi, muka zube tare. Mushe, siriri kamar sandar kiwo, shi ya goya shi, yana tafiya yana hutawa har gindin dutse. Iro na bayansa yana gunaguni.

"Kada ka ɗauka ka fi ni ne."

"Ina fa, Malam," in ji Mushe, "ai har yanzu kai ne a sama."

To, ku ji inda ciwon ya dawo kaina. Ranar tafiya a tasha, ni hannu ya ba ni, Mushe kuwa ya rungume shi har direba ya gaji da hon. Rediyon da na yi shekaru ina roƙo ya bar mini, a wuyan Mushe ya rataya shi. Wasiƙu suka fara zuwa, shafi uku, shafi huɗu, duk na Mushe, ni sai dai a ce mini, "Yana gaishe ka." Ba zan ɓoye muku ba, wata guda na yi ban sha shayin mutumin nan ba. In na ji rediyon yana tashi ta katangarsa, hanya nake sakewa.

Bayan shekara uku labarin rasuwar Iro ya iso. Da muka taso daga addu'a, Mushe ya kira ni ɗakinsa ya zube mini wasiƙun a kan tabarma. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Babu komai a ciki sai ni. Bala yana shan maganinsa? Ƙafar ta daina kumbura? Da wa yake zama yanzu? A ƙarshen kowace kuma: "Ka sa mini ido a kansa, kada ya yi sabon aboki."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga baya dariyar ta ƙare ta bar su.

Allah ya jiƙan Iro, ya yafe masa, ya sada shi da Hajara a gidan rahama. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.