Ranar da Don Fermín Ya Buɗe Ido

Duk wanda ya san Don Fermín Echegaray a garinmu, a sama ya fara ganinsa. Shi ne mai gyaran injinan iska da ke jawo wa shanu ruwa a gonakin yankin La Pampa. Tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai, in ka hango mutum maƙale a ƙololuwar hasumiya yana zagin ƙusa, to shi ne. Ranar Lahadi kuwa, ko sama da ƙasa za su haɗu, yana filin harbi na ƙungiyar tsofaffin soja da bindigarsa Mauser a kafaɗa.

Irin bindigar da aka damƙa masa ce lokacin da ya yi aikin soja na dole, doguwa, mai nauyi, mai shuri kamar alfadari. Da ya fito sai ya sayi tasa, ya riƙe ta kamar 'yar fari. Sai dai gaskiya ɗaya ce, Fermín bai iya harbi ba. Kullum da abin da zai ɗora wa laifi: yau iska, gobe tsohon harsashi, jibi rana ce ta shige masa ido. Abokansa sukan ƙyale shi da hujjojinsa, don ba wanda ya kai shi ba da labari in ana zagayawa da ƙoƙon shayin mate.

Ƙungiyar tana da wata al'ada. Tsohon da ya daina harbi ba a korarsa, sai a miƙa masa dogon cokali mai yatsu a ce ya koma bayan rumfa wajen gashin nama. Wai girmamawa ce. Fermín ya ga mazaje da yawa sun karɓi cokalin nan, suna tsaye cikin hayaƙi suna jiyo shewar abokai daga nesa, kafin shekara ta zagayo sun daina zuwa gaba ɗaya. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar wannan cokalin.

Hawan hasumiya ya ci masa kafaɗar dama, aka yi masa aiki. Likita bai ɓoye masa komai ba: in Mauser ta ƙara shurinsa, ko riga ba zai iya sa wa kansa ba. Bayan 'yan kwanaki, Fermín ya sa matarsa Nélida ta tuƙa shi zuwa birnin Santa Rosa. Can a wani shago ya ga abin da yake nema. Kamanninta sak Mauser, katakon, sakatar ɗura harsashin, har nauyin ya kusa, amma ɗan ƙaramin harsashi take ci, mai lamba ashirin da biyu, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Da kuɗin nan da mun gyara rufin kicin," in ji Nélida a hanyar dawowa.

"Rufin ba inda za shi, 'yar tsohuwa. Da babu gara ba daɗi."

Mai kula da layin harbi shi ne Hilario, wanda ake kira Ƙato, kuma tare suka yi soja da Fermín. Ranar Lahadi a filin, ya karɓi sabuwar bindigar ya juya ta, ya leƙa bakinta da ido ɗaya.

"Kai Fermín, wa ya ɗinka wa 'yar tsana kayan soja? Ko ɓeraye sun dame ku a gida ne?"

"Ba ni abata, Ƙato. Tumbinka ma kamannin na janar ne, amma ko kofur ba ka kai ba."

Aka yi dariya, amma Hilario bai sauka ba. Ya nuna siffofin dabbobi na ƙarfe da masu ƙananan bindigogi ke harbi, kaza a kusa, sai alade, sai talo-talo, sai rago can nesa kamar ɗigon tawada. Ya ce layin tsofaffi ba wurin wasan yara ba ne. In Fermín ya kayar da ragon nan ranar gasar bikin 'yancin kai, yana nan a layi da 'yar tsanarsa. In ya kasa, cokali na jiransa.

Fermín ya gyara tsayuwa ya saita kazar, don ya nuna musu tun yau. Ya ja kunama. Bindiga ta ce tas, ko motsi ba ta yi ba. Shi kuwa ya zabura gaba ɗaya, ya runtse ido, ya tura kafaɗa gaba, ya yamutsa fuska kamar wanda za a mara. Dariya ta ɓarke a filin har wani ya ƙware da mate.

Abin da ya faru a fili yake. Shurin Mauser ya koya wa jikinsa tsoro tun a bariki, yana rufe ido yana fizgewa kafin harsashi ya fita. Ƙara da hayaƙi da girgiza sun yi ta rufa masa asiri duk shekarun nan, har shi kansa bai sani ba. Ƙaramar bindiga kuwa ba ta da abin da za ta rufe shi da shi.

"Ban rufe ido ba," in ji shi.

Nélida ce ta amsa daga kan benci, ita da ba ta taɓa zama kallon harbi ba sai da tuƙi ya kawo ta. "Ka rufe, Fermín. Tun kafin ka ja ka rufe."

Dariyar ba ta yi masa ciwo kamar wannan ba. Ashe iska ba ta taɓa yi masa komai ba, rana ma haka. Ya ji kunya irin wadda dattijo ke ji in ya gane yara sun daɗe da sanin abin da shi bai sani ba. A gida ya mayar da bindigar cikin kwalinta ya ce gobe za a mayar wa mai shago.

Nélida ta ce ba ta tuƙa kowa. "Rufina ya tafi a kan abin nan, sai na ga amfaninsa. Tashi mu je gona."

A bayan wata hasumiya da ya taɓa gyarawa suka kafa gwangwani. Dabarar tata ce: ya juya baya, ita ta ɗura. Wani lokaci ta sa harsashi, wani lokaci kwanson da aka riga aka harba, bai san wanne ba. In kwanso ne, sai a ji ƙyas kawai, ga Fermín ya zabura a banza.

"Sannu jarumi, ka kashe iska."

"Ke dai ɗura, malama."

Harsashin ba shi da tsada, kafaɗa ba ta ciwo, don haka suka yi ta yi duk yamma har sanyi ya shigo sosai. Ba a rana ɗaya abin ya sake shi ba. Wata rana ya yi kyau, washegari ya koma gidan jiya ya dawo yana huci. Amma a hankali yatsansa ya koyi ja ba fizga, ƙyas ta daina firgita shi, gwangwanaye suka fara tsalle.

Ranar gasa an kafa tutoci, sanyi na yankan kunne, ƙamshin haƙarƙari na tasowa daga bayan rumfa. Manyan bindigogi suka gama rugugi, aka kira Fermín. Kaza ta faɗi. Aladen ya ƙi, sai a harbi na biyu. Talo-talo ya wuntsila.

"Sa'a ce," in ji Hilario, amma ya ajiye ƙoƙonsa ya matso.

Saura rago. Fermín ya ji tsohon tsoron ya taso masa daga wuya, fatar idonsa tana rawa. Ya sauke bindigar, ya yi numfashi, ya sake ɗagawa. Ya ja a hankali, idonsa a kan ɗigon nan. Tas. Can nesa ragon ya girgiza, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya kwanta ta baya, ƙarar ƙarfen ta iso kunne daga baya.

Filin ya kaure da ihu. Hilario ya wurga hularsa sama, ya rungumo shi ta kafaɗar hagu yana cewa, "Ba girin-girin ba, ta yi mai! Wurinka na nan, ɗan banza, har ka mutu!" Masu gashi suka bar nama a wuta suka fito kallo.

Fermín bai ji rabin abin da suke faɗa ba. Ya ratsa su har bencin da Nélida take zaune, hawaye na bin furfurar gemunsa, yana dariya kamar yaro.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Ni ma na gani," in ji shi.